Hattara: Wayar Hannu Ba Likita Ba Ce, Ba Malami Ba Ce, Ba Lauya Ba Ce

Wata ɗabi'a ta shigo mana cikin 'yan shekarun nan, tana cin gida bayan gida, ba wanda ya ɗaga murya. Yaro ya kwana da zazzaɓi, maimakon a nufi asibiti sai a ɗauko waya a tambayi manhaja. An yi rasuwa, magada sun fara kallon juna, sai wani ɗan boko a dangi ya ce a dakata ya tambayi ChatGPT yadda za a raba. Ɗalibi an ba shi aikin gida, kafin malami ya ƙarasa ofis an rubuta masa shafi biyar, alhali ba zai iya bayanin layi ɗaya a ciki ba. Duk wanda ya ja da maganar, amsa guda yake samu: "Ai na tambayi AI, ga abin da ta ce." Da an faɗi haka sai bakin kowa ya mutu, sai ka ce an yanke hukuncin da ba shi da ɗaukaka ƙara.

Wannan rubutu gargaɗi ne. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kayan aiki ne masu ƙarfi, amma duk wanda ya ɗora su a kujerar likita ko ta malami ko ta lauya yana caca ne da ransa da addininsa da dukiyarsa. Al'ummar da ta saba da haka kuwa, wata rana za ta wayi gari ba ta da gwanin da zai gane kuskuren na'urar, balle ya gyara.

Saurin yaɗuwar abin kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. Ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT, cikin wata biyu aka ƙiyasta masu amfani da ita sun kai miliyan 100. A watan Afrilun 2024 kamfanin Meta ya faɗaɗa tasa manhajar da ke cikin WhatsApp zuwa wajen Amurka, kuma Nijeriya da Ghana suna cikin ƙasashen farko da aka buɗe wa ita. Wato yanzu ba sai ka je neman ta ba. Tana nan zaune kusa da saƙonnin iyalinka, ba layi, ba kuɗin kati, ba tsawa, ba "dawo gobe".

Abin da ta iya, da inda iyawarta ta tsaya

Adalci ne a faɗi ƙarfin na'urar kafin a faɗi rauninta. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya a wasan darar Turawa. A 2016, a birnin Seoul, manhajar AlphaGo ta ci Lee Sedol wasa huɗu cikin biyar a wasan Go, wanda ake ganin ya fi ƙarfin na'ura. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka samu kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai saboda manhajar AlphaFold, wadda ta yi hasashen sifar furotin kimanin miliyan 200, aikin da a da ɗaya daga ciki kan ɗauki mai bincike shekaru. Ba wanda zai raina wannan.

Amma a lura da kyau. Duk waɗannan nasarori sun faru ne a fagen da aka yi wa shinge: ƙa'ida a bayyane take, tambaya a tsare take, kuma akwai ma'aunin da zai nuna an ci ko an faɗi. Rayuwar ɗan Adam ba ta zuwa a tsare. Marar lafiya ba ya faɗin duk abin da ke damunsa, wani don kunya, wani don bai san yana da muhimmanci ba. Mai ƙara yana kawo ɓangarensa ne kawai. Aikin gwani yana farawa ne daga gano tambayar da ba a yi ba.

Su kuma manhajojin hira da ke cikin wayoyinmu, ya kamata kowa ya san yadda suke aiki. An ɗura musu rubuce-rubuce marasa iyaka daga intanet da littattafai, suka koyi hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Da haka suke jero magana mai daɗi, mai tsari. Sau da yawa maganar takan dace da gaskiya, domin gaskiya ta yi yawa a cikin abin da suka karanta. Idan kuma ba su da amsa, sai su ƙirƙiro wadda ta yi kama da amsa, su faɗe ta da irin muryar da suka faɗi gaskiyar. Abin ya yi kama da mutumin da za ka tare a bakin tasha ka tambaye shi hanya, bai sani ba amma yana jin nauyin ya ce bai sani ba, sai ya miƙa hannu da ƙarfin zuciya ya ce ka bi nan ka sha kwana ta dama. Ba ka gane ya ɓatar da kai sai rana ta faɗi.

Masu ƙera su ma ba su musanta ba. A ƙasan shafin ChatGPT an rubuta cewa tana iya yin kuskure. A watan Satumban 2025 masu bincike na OpenAI suka fitar da bayani cewa yadda ake horar da waɗannan manhajoji da yadda ake auna su yana ba da lada ga cinke, fiye da amsa cewa ba a sani ba. Kafin nan, a watan Afrilun 2025, kamfanin ya janye wani sabon gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ta koma bafadiya, duk abin da mutum ya kawo sai ta yaba masa. To ina amfanin mai ba da shawarar da ke kallon fuskarka kafin ya yi magana?

Shaida daga kotu da asibiti

A 2023, a wata kotun tarayya da ke New York, wani lauya mai shekara talatin a bakin aiki ya shirya takardun da aka shigar a ƙarar da wani fasinja ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca. Ya kafa hujja da tsofaffin hukunce-hukunce guda shida, kowanne da sunansa da lambarsa da kalaman alƙalai. Aka duba aka duba, babu ko ɗaya a duniya. ChatGPT ce ta ƙaga su. Abin da ya fi ban tsoro shi ne lauyan ya sake tambayarta ko hukunce-hukuncen na gaske ne, ta tabbatar masa na gaske ne. A watan Yunin wannan shekara alƙali Kevin Castel ya ci tarar lauyan da abokin aikinsa da kamfaninsu dala 5,000. Shekara biyu bayan haka, a Yunin 2025, Babbar Kotun Ingila ta binciki wata shari'a da aka kawo hujjoji 45, 18 daga ciki babu su, har ta gargaɗi lauyoyi cewa mai yin haka zai iya fuskantar tuhumar raina kotu. Idan lauya mai shekara talatin ya faɗa wannan rami, ina ga wanda bai taɓa buɗe littafin doka ba, yana neman shawara a kan rikicin gona ko takardar fili?

A fannin lafiya abin ya fi muni, domin a nan kuskure ba ya jiran ɗaukaka ƙara. A watan Agustan 2025 wata mujallar likitoci a Amurka ta buga labarin wani mutum ɗan shekara 60 da ya so ya daina cin gishiri. Bayan ya tattauna da ChatGPT sai ya maye gurbin gishirin da wani sinadari mai suna sodiyom buromayid, ya yi wata uku yana sha. Aka kawo shi asibiti hankalinsa ya gushe, yana cewa maƙwabcinsa ne ke sa masa guba. Sai da ya yi mako uku a kwance. Likitocin da suka duba shi sun gwada yi wa manhajar irin tambayar, ta ambaci sinadarin ba tare da ta yi cikakken kashedi ba, ba ta kuma tambayi dalilin neman bayanin ba. Wannan tambaya, "me za ka yi da shi?", ita ce ta farko da kowane ɗan kemis mai tsoron Allah zai yi.

Ko na'urorin da aka ƙera musamman don asibiti sun sha tuntuɓe. Cibiyar kula da cutar kansa ta MD Anderson da ke Texas ta kashe kimanin dala miliyan 62 a kan manhajar Watson ta IBM, daga ƙarshe aka jingine aikin. Kamfanin Google ya ƙera manhajar gano lalacewar ido da ciwon suga ke jawowa, wadda a ɗakin gwaji dacewarta ta haura kashi 90 cikin 100. Da aka kai ta ƙananan asibitoci 11 a Tailan, sai ta ƙi karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na hotunan da ma'aikatan jinya suka ɗauka, saboda ƙarancin haske a ɗakunan, ga kuma intanet mai jan ƙafa. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin iyayen wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton asibiti, domin cikin shekara biyar na'ura za ta fi su. Shekarun sun zo sun wuce, har yau asibitocin Amurka da Ingila kukan ƙarancin waɗannan likitoci suke yi.

Mu dawo gida. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da cutar sanƙarau ke ɓarkewa a lokacin zafi, kuma annobar 1996 kaɗai ta kashe sama da mutum 11,000 a Nijeriya. Sanƙarau kan fara ne da zazzaɓi da ciwon kai da amai, daidai yadda zazzaɓin cizon sauro ke farawa. Uwar da ta rubuta waɗannan alamu uku a waya cikin dare, abin da ta rubuta kaɗai na'urar ta sani. Kai yaron gaban ma'aikaciyar jinyar da ta kwana biyu a ɗakin yara ka ga bambanci. Kafin uwar ta gama bayani ta sa hannu a ƙeyarsa ta gwada sunkuyar da kan, ta ji ko wuyan ya sandare. Ta ja fatar idonsa ta ƙasa ta ga ko jini ya ƙare. Ta tsunkuli fatar cikinsa ta ga ko za ta koma da wuri. Idan jariri ne ta shafa maɗigarsa ta ji ko ta kumbura. Ta saurari irin kukansa. Minti biyu ba su cika ba ta san ko wannan na gida ne ko na gado da ƙarin ruwa ne yanzu-yanzu. Wannan ilimi a yatsunta yake, ta tara shi ne daga yaran da suka warke a hannunta da waɗanda suka rasu tana kallo. A sanƙarau, daren da aka ɓata ana hira da waya yana iya zama bambancin rayuwa da mutuwa, ko ya bar yaro da kurumta har abada.

Addini ba a ɗaukarsa daga wanda ba a san malaminsa ba

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne fatawa. Mu mutane ne da muka gaji karatun zaure, inda ɗalibi ke durƙusawa gaban malami ya bi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala layi-layi, malamin kuma an san wanda ya karantar da shi, shi ma an san nasa. Malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu suna bin diddigin wane ya ji daga wane, mai gaskiya ne ko mai mantuwa ne. An ruwaito cewa an taɓa yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Wannan shi ne limamin Madina, wanda mazhabarsa muke bi. Yau kuma jikokin almajiransa suna karɓar hukuncin saki da na gado daga manhajar da ba ta da malami, ba ta da isnadi, kuma tana iya jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maganar da bai faɗa ba, ta haɗa da sunan littafi da lambar hadisi, kamar yadda ta ƙaga wa lauyan nan hukunce-hukunce.

Ɗauki rabon gado. Alƙali ko malamin da ya san aikinsa ba ya fara da lissafi. Yakan tambayi bashin da ke kan mamaci da wanda yake bi, ko ya bar wasiyya da ko ta haura sulusi, ko akwai matar da ke da ciki, ko akwai wadda aka saka tana cikin idda, wane ne ya riga wani rasuwa idan haɗari ne ya ɗauke su tare, ko gonar nan da ake magana kyauta ce da aka riga aka damƙa tun yana raye. Tambaya ɗaya da aka tsallake tana juya rabon gaba ɗaya. Na'ura za ta raba abin da aka rubuta mata ne, kuma wanda ya rubuta ɗin magaji ne mai son ransa. Haƙƙin maraya da aka ci ta wannan hanya ba ya zama halal don kwamfuta ce ta yi lissafin.

A ƙara da cewa mafi yawan abin da aka horar da waɗannan manhajoji da shi Turanci ne da rayuwar Turawa. Rubutun Hausa a cikinsa ɗan kaɗan ne. Saboda haka kuskurenta yakan ƙaru idan ta shigo harshenmu da ƙasarmu. Tsohon manomin da ya san wane ruwa ne na shuka, wane ne na yaudara, ya kuma san gonar da ƙuduji ya kama da abin da za ta iya ɗauka bana, yana riƙe da ilimin da ba a taɓa rubutawa ba, don haka na'ura ba ta taɓa karanta shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wa za a kama?

Gwani yana da suna da fuska da lasisi. Likitan da ya yi sakaci akwai hukumar da za ta iya ƙwace masa takardar aiki. Lauya akwai kwamitin ladabtarwa. Malami yana da mutuncin da zai zube a gari, yana kuma da Ubangijin da zai tsaya a gabansa. Wannan tsoro shi ke sa gwani ya sake dubawa kafin ya buɗe baki. Na'ura ba ta asarar komai. A Kanada, manhajar hira ta kamfanin Air Canada ta ba wani fasinja da kakarsa ta rasu bayanin ƙarya a kan rangwamen tikiti. Da ya kai ƙara, kamfanin ya yi ƙoƙarin cewa manhajar ita ke da alhakin maganarta. A Fabrairun 2024 kotun ta yi watsi da wannan hujja ta sa kamfanin ya biya. Wancan ya samu kotun da ta share masa hawaye a kan kuɗin tikiti. Kai da ka rasa ɗa a ƙauye saboda shawarar waya, ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa?

Babban haɗarin: mutuwar gwanintar kanta

Duk abin da aka lissafa a sama ɓarnar yau ce. Ta gobe ta fi girma. Gwaninta tana rayuwa ne da aiki, idan aka daina motsa ta sai ta dushe. A 2025 mujallar Lancet ta fannin cututtukan ciki ta buga wani bincike daga cibiyoyi huɗu a Folan, a kan ƙwararrun likitocin da ke leƙa hanji suna neman ƙananan tsiron da kan rikiɗe su zama kansa. Bayan 'yan watanni suna aiki da taimakon manhaja, da suka yi aikin ba tare da ita ba sai yawan gano tsiron ya sauko daga kashi 28 cikin 100 zuwa kashi 22. Ƙwararru ke nan, cikin watanni kawai.

Masu harkar jiragen sama sun riga kowa koyon wannan darasi, da jini. Ranar 1 ga Yunin 2009 jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris ya shiga hadari, ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudu, na'urar tuƙi ta saki jirgin a hannun matuƙa. Suka ruɗe, cikin 'yan mintuna jirgin ya faɗa Tekun Atilantika da mutum 228. Rahoton binciken ya nuna ƙarancin horo a kan tuƙi da hannu a can sama yana cikin dalilan. Na'ura takan saki aiki ne a daidai lokacin da ya fi wuya, kuma a lokacin ne ake buƙatar mutumin da hannunsa bai mutu ba.

Yanzu dubi jami'o'inmu da kwalejojinmu. Ɗalibin aikin jinya ko injiniya ko shari'a da manhaja ta rubuta masa aikin gida daga ajin farko har kundin kammalawa, zai fito da takarda ba tare da ya taɓa wahalar tunani ba. Shi ne zai yi wa matarka allura gobe, shi zai lissafa ƙarfen da zai riƙe benen makarantar 'ya'yanka. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, to ina ga babu sanin sam, ga takardar shaida a hannu?

Abin da ya wajaba a kanmu

Mutane ba su guji gwanaye haka kawai ba. Ministan lafiya na Nijeriya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Layin asibiti ya yi tsawo, kuɗin lauya ya fi ƙarfin talaka, wani ma'aikacin kuma kafin ka gama gaishe shi ya daka maka tsawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Don haka ku ƙwararru, ku sassauta, ku saurari mutane, ku yi musu bayani da harshen da suke ji. Ku koyi waɗannan manhajoji ku yi aiki da su, domin a hannun wanda ya san aikinsa suna rage wahala, amma kada ku sa hannu a kan abin da ba ku tantance da kanku ba.

Malamai, ku faɗakar a kan mumbari da majalisin karatu cewa ba a karɓar fatawa daga manhaja, kuma duk hadisin da ta kawo sai an gan shi a littafinsa. Malaman makaranta, ku dawo da jarrabawar baki da aikin hannu a gaban idonku, ɗalibi ya tsaya ya kare abin da ya rubuta. Hukumomi irin su NITDA da masu kula da aikin likitanci da na lauya, ku fitar da ƙa'ida bayyananniya: duk hukuncin da ya shafi rai ko dukiya ko 'yancin mutum, dole a samu ɗan Adam mai suna da ya sa hannu, wanda za a kama idan an yi ɓarna. Gwamnati kuma ta riƙe likitocinta da malamanta da albashi mai mutunci, kada a ruɗe mu da cewa manhaja za ta cike gurbinsu.

Kai kuma mai karatu, yi amfani da ita wajen tsara wasiƙa, da taƙaita dogon rubutu, da fahimtar darasi, da shirya tambayoyin da za ka yi wa likita ko lauya. Amma abu huɗu kada ka bar mata hukuncinsu: lafiyarka, addininka, dukiyarka da shari'arka. Yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ko wuyansa ya ƙage, ko ya fara jijjiga, ajiye wayar ka ɗauke shi zuwa asibiti a daren. Gado ya taso, a je gaban alƙali ko malamin da aka san malamansa. Takarda ta zo daga kotu, nemi lauya. Ka faɗa wa iyalinka wannan, ka faɗa wa abokanka. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Allah Ya kiyaye mu.